Shuɗin Zane a Ƙarƙashin Gada

Kowace Asabar nakan ɗaure shuɗin zanen innata
a jikin ginshiƙin gada, a Agege,
inda jirgin ƙasa ke wucewa yana kaɗa mana hanji.
Kujerar roba ɗaya, hannunta guda a karye.
A jikin kwali na rubuta: Hoto kyauta.
Mutanen Ikko ba sa yarda da kyauta.
Sukan karanta, su dube ni, su dafe aljihu.

Nomau ne ya fara zama.
Ɗan dako ne a kasuwar Mil Sha Biyu,
shekara sha tara kwandon tumatir na cin gashin kansa
har tsakar kan ta yi sulɓi kamar bayan ƙwarya.
Ya ce, "Hotona ɗaya tak a duniya, na katin shaida,
ni kaina in na gan shi da dare sai in yi a'uziyya."
Ya sandare kamar mai jiran hukuncin alƙali.
Na ce ya saki kafaɗa.
Ya ce kafaɗar ta manta yadda ake yi.
Sai na tambayi sunan autarsa.
Ya nuna kwalina da haɓa. "Ga shi nan ka rubuta. Kyauta."
Dariya ta ƙwace masa, wushirya ta leƙo,
idanun suka tattare kamar bakin jaka.
Nan na danna.

Iya Sidikatu mai gasa masara
sau uku tana kwance gwaggwaro tana sake naɗawa.
Hayaƙin gawayi ya rina mata ido ja,
tsage uku-uku kwance a kumatunta
kamar kunyoyin da aka gama shuka.
Ba ta jin Hausa, Yarbancina bai wuce gaisuwa ba,
amma ta ɗaga min yatsa: dakata.
Ta jawo mafificinta mai ƙonannen baki ta ɗora a cinya,
wai ba za a ɗauke ta ban da abokin wahala ba.

Akwai wata yarinya mai sayar da ruwan leda,
wuta ta taɓa lasar mata rabin fuska.
Ta ba ni kuncin dama, ta ɓoye na hagu.
Na yi yadda take so, ban ce uffan ba.
Bayan mako biyu ta dawo, ta sauke faranti,
ta juyo da tabon wajen haske.
"Ɗauki wannan ma. Shi ma nawa ne."
Hannuna ya yi rawa, sai da na sake sau biyu.

In an tambaye ni me nake samu, nakan ce lada.
Rabin gaskiyar ke nan.
Innata ta rasu ba ta bar hoto ko ɗaya ba.
Kowace shekara wani abu na fuskarta yana zube min:
hancin ya fara tafiya, bara na nemi girar na rasa.
Saura zanen nan, da yadda take karkata kai in tana sauraro.
Shi nake farauta a fuskokin mutane,
wani lokaci har a fuskar kwandastan bas.

Ran da na miƙa wa Nomau nasa,
ya goge tafin hannu a riga kafin ya karɓa.
Ya riƙe shi ta gefe-gefe, kamar ƙwai mai zafi.
Ya daɗe shiru.
"Wannan ai babana ne," in ji shi.
"Ashe mutumin kyakkyawa ne, ban lura ba."

Ya sa a leda, ya ƙara wata ledar,
ya cusa cikin riga, wajen ƙirji.
Hadari ya taso daga wajen teku,
wata mota ta danna ƙaho tana neman ɗan dako.
Ya ɗauki gammonsa, ya ruga.
Ni kuma na hau kwance zanen
kafin ruwa ya taɓa shi.