Kwana Casa'in

Shekara talatin da ɗaya ina buga mata wasiƙu,
shi ya sa ni aka miƙa wa mabuɗi
in kwashe ofishin Marlys Hovdestad,
a saman shagon ƙusa da fenti,
inda taga ke kallon rumbunan alkama.

Ga shaidarta ta lauya, takardar ta yi ja don tsufa.
Ranar da ta fara shiga kotu,
alƙali ya leƙo ta saman tabarau:
"'Yammata, ina lauyan da ya aiko ki?"
Ta ajiye jaka, ta gyara tsayuwa:
"Ya Mai Shari'a, ga ni."

Shekarar da bankuna suka bi gonaki da gwanjo,
manoma kan hau matakalar nan, hula a hannu,
ƙanƙara na narkewa daga takalmansu.
Wani ya biya ta da buhun dankali,
wani da cinyar sa.
Orrin Skjelstad bai biya ba.
Ranar Talata aka sayar da taraktarsa
har da teburin cin abincin uwarsa,
ranar Alhamis aka tsinci gawarsa a bargar shanu.
Ba ta yi kuka a gabana ba.
Cewa ta yi in nemo mata takardar tsayawa takara.

A majalisar jiha, can Bismarck,
kujerarta na layin baya, kusa da ƙofa.
Ƙudurinta shafi biyu ne kacal:
kafin a ƙwace gonar mutum
a ba shi kwana casa'in da mai shiga tsakani.
Ya faɗi. Ta sake kawo shi.
Ya faɗi da ƙuri'a biyu.
Suka laƙaba mata suna Kwana Casa'in,
tana amsawa kuwa, ko a waya.

Kada a ce na wanke ta tas.
Ƙuri'u biyun nan ba kyauta suka zo ba.
Ta ɗaga hannu aka rufe ƙananan makarantun karkara,
har da wadda ta koyi baƙi a cikinta.
Ƙanwarta Ardis, mai koyarwa a can,
ba ta ƙara taka gidanta ba.
Doka ta tabbata da bazara,
da kaka aka kayar da ita da ƙuri'a arba'in da ɗaya,
wasunsu daga gonakin da ta tsamo.

Ta dawo nan, ba hayaniya,
tana rubuta wasiyyar tsofaffi,
tana raba rigimar shinge,
kofin gahawa na hucewa a gefen fayil.
In an ce mata mutane ba su da godiya
sai ta ce, "Ai sun iya lissafi. Na ci musu makaranta."

A aljihun tebur na ƙasa
na sami takardar cajin Orrin, dala arba'in,
ni na buga ta da hannuna.
An liƙa kan sarki, an rubuta adireshi,
ba a taɓa kai ta gidan waya ba.