Dilar Laraba

Ran Laraba Jatau ke yanka dila,
can ƙuryar kasuwar Sabon Gari, bayan 'yan robobi.
Wanda ya makara sai ragowa,
shi ya sa tun rana ba ta hau rumfuna ba
nake isowa, kuɗina a naɗe cikin safa.

Yana ɗora reza kan igiya, dila ta yi ajiyar zuciya,
ta kumbura kamar ƙullun da ya kwana.
Warin nan ya taso,
na maganin asu da doguwar tafiya kan ruwa.
Mu bakwai muka duƙa.
A nan babu digiri, babu oga.
Wani malaminmu na Kongo na gani, ya ja hula har gira,
muka kama riga ɗaya, ni hannun dama, shi na hagu.
Ya sakar mini, bai nuna ya san ni ba,
ni ma na haɗiye gaisuwata.

Albashin farko a makarantar kuɗi ta Samaru
ba ya sayen shadda, balle kuɗin ɗinki.
Shugabar makaranta kuwa ta ce
malami sai da riga mai kwala da wando mai kari.
To, ga ni.

Na koyi karatun da ba a biya mana a aji ba:
ɗaga riga ka kalli rana ta cikinta,
in haske ya yi yawa, kwananta ya kusa ƙarewa.
Duba hammata, duba bakin wuya,
ja zif sau uku,
ƙirga maɓallai kamar mai ƙirga canji.
Kada fuskarka ta ce kana so,
Jatau ya fi mai duba iya karanta ido.

"Dubu uku, kuma don kai ne."
"Na saya dubu da ɗari biyar."
"Albarka! Wannan ko mai ita bai sa ta sau biyu ba."
Na juya kamar zan tafi. Taku huɗu.
A na biyar ya ce, "Kawo biyu, kai ka cika tsiya."

Wata wata nake tarawa.
Shuɗiya a watan farko, mai zane-zane a na biyu,
wando baƙi da Sambo tela ya rage wa ƙafa
ya kuma ƙi karɓar kuɗi, wai a bar shi sai na zama hedimasta.
Ƙusa uku a bangon ɗakina suka zama shida.
Inna ta jiƙa su da omo da ruwan zafi kwana guda,
ta ce a wanke musu baƙunta.

Da damina ta sauka na sayi kwat mai ruwan toka.
Sai a gida na lura da gwiwar hannunta:
an taɓa ɗinke ta da zare da allura,
ɗinki ƙanana, a jere, babu gaggawa,
irin wanda ba a yi wa wanda ba a so.
A aljihun ciki akwai tikitin mota,
rubutun wani harshe da ban iya ba.
Sambo ya ce ya warware ya sa keke, ba za a gane ba.
Na ce ya bari.

Da ita na tsaya gaban 'yan aji huɗu
ina koyar da rabawa da ragowa.
Wata yarinya ta ce, "Malam, wa ya ɗinke maka hannu?"
Na ce, wata ce, can nesa.

Jiya ƙanena Tanimu ya samu kiran aiki a Kwangila.
Na sauke shuɗiyar daga ƙusa, na goge masa.
Kafaɗar ta ɗan yi masa yawa.
Gobe Laraba.