Hanjin Ƙuda

Babana mahauci ne a kasuwar Dole.
Shekara talatin yana ware hanji da tumbi,
yana auna su da ido, ba ya kuskure.
Ni ma fiɗa nake yi,
sai dai abin da nake feɗewa
bai fi ƙwayar gero ba.

Ƙudan mangwaro ne, mai jan ido,
irin mai rufe tiren Falmata
in kayan Mirriya sun kwana uku ba ciniki.
Na kwantar da shi a ɗigon ruwan gishiri,
da 'yan hantsaki biyu masu bakin allura
nake zaro kai da hanji a haɗe.
Goma sun tsinke. Na sha ɗaya ya yarda.

Ƙarfe biyun dare,
duwatsun Damagaram ba su gama amayar da rana ba.
Na kashe fitila, na ɗora ido a madubi
ina roƙon kada a ɗauke wuta.

Sai ga shi.
Zare kore, siriri, yana haske,
ya gangaro daga ƙwaƙwalwa, ya bi maƙoshi,
ya yi rassa a bangon hanji
kamar saiwar gawo mai neman ruwa.
Wa ke aike, wa ke amsawa?
Sama ce ke cewa ci,
ko ƙasa ce ke cewa ya isa?

An ce ƙuda wajen kwaɗayi yake mutuwa.
Ba wanda ya tambayi wa ya aike shi.

Da hantsi na kai wa Baba hoton a waya.
Ya goge hannu a riga, ya kanne ido,
ya ce, "Tsahara, wannan ko miyar tururuwa bai isa ba."
Yaran rumfa suka fashe da dariya.
Shi kuwa ya daɗe bai miƙo wayar ba.

"Rago," ya ce, "in ya ji ana wasa wuƙa
tuƙa yake bari.
Ran da aka zo da labarin uwarki daga asibiti
ban ji a kai ba.
Nan na ji."
Ya dafa ƙasan cibiya.

Baƙin ciki, farin ciki, zurfin ciki.
Tun ba a ƙera gilashi ba
bakinmu ya san wannan hanya.

Na karɓi waya da maiƙon yatsansa
daidai kan zaren. Ban goge ba.
Wata mata na jira,
hanji take so, na dala ɗari.