Matakala Hamsin da Takwas

Gidana a Lisbon yake, can bisa tudu,
hawa na huɗu, tsohon gini ne.
Matakala hamsin da takwas.
A da ban san adadinsu ba,
sai da na fara sayen kowacce da numfashi.

Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa taragon lantarki,
mai ruwan ɗorawa, mai kukan ƙarfe a kwana.
Sigari a leɓe tun rana ba ta taɓa kogin Tejo ba,
kwali biyu kullum, ranar ɓacin rai uku.
Ashe rance nake ci a hannun huhuna,
ga shi ya zo karɓar bashi.

Tari ya fara da asuba, na ce sanyin teku ne.
Majina ta yi kauri, na ce tsufa.
Ondina ta ce, "Belarmino, ƙirjinka fito yake yi."
Na ce ta kula da kifinta kada ya ƙone.
Ranar da na sunkuya ɗaura igiyar takalmi
na kasa ɗagowa,
ba ta ce uffan ba, ta ɗauko kwat ɗina,
na bi ta asibiti ina nishi.

Dakta Filipa ta ba ni bututu ta ce in hura,
in hura, in ƙara, har na ga taurari.
Ta duba takarda, ba ta yi mini kwana-kwana ba:
"Hanyoyin iska sun kumbura, sun ƙuntata,
'yan jakunkunan huhu sun saki kamar tsohuwar safa.
Shigar iska da sauƙi, fitarta ce aiki.
Abin da ya lalace ba ya dawowa,
amma sauran naka ne, in ka raba bakinka da garwashi."

Na jefa kwalin a kwandon shara a gabanta.
Na sayi wani a hanyar gida.
Sau huɗu na bari kafin na bari.
Har yau in wani ya kunna a ƙofar gidan gahawa
hancina kan bi shi, kamar kare ya ji ƙamshi.

Da furfurata aka koya mini numfashi:
ja ta hanci, ɗaya, biyu,
tsuke leɓe kamar mai hura miya mai zafi,
saki a hankali, har huɗu.
Maganin shaƙa na safe, ko na ji garau ko ban ji ba,
shuɗin kuma a aljihu don ranar tsiya.
Allurar mura kafin hunturu.
In majina ta sauya launi, kada in jira Litinin.
Sai tafiya.
Na ce ai tafiyar ce za ta kashe ni.
Ta ce kujera ce za ta riga ta,
ƙafar da ta saba da zama ba ta son tashi.

Watan Yuni unguwa kan turnuƙe da hayaƙin gasa kifi,
kiɗa har gari ya waye.
Ni da ake buɗe wa fili,
yanzu taga nake rufewa
in kalli bikin ta bayan gilashi.

Ondina ta tafi bara, cikin barcinta,
ita da ba ta taɓa kunna ko kara ɗaya ba.
Nakan farka tsakar dare in ji fiton ƙirjina,
in jira ta yi magana.
Wannan bututun likita bai auna shi ba,
ba shi da suna sai rashi.

Yau na sauka sayen burodi.
A dawowa na tsaya a ta goma sha huɗu,
inda kyanwar Dona Celeste ke kwana.
Na tsaya a ta talatin, hannu a gwiwa.
Tomé ɗan maƙwabta ya zo yana tsallake bibbiyu,
ya ce, "Kawo in riƙe maka."
Na girgiza kai, don magana ma iska take ci.
Ɗaya, biyu. Na tsuke leɓe.
Arba'in da bakwai. Hamsin da uku.
Da na murɗa makulli na taɓa ledar,
burodin da ɗuminsa, da sauran laushi.