Labarin Zuciya a Tambayi Jini

Ƙarfe ɗaya na dare a Garwa, zafi bai kwanta ba,
iska ta ƙi tasowa daga Binuwai.
Ina ɗakin gwaji, ni da fanka mai kuka,
mai babur ya sauke mahauci,
ɗansa na riƙe da shi ta baya
kamar buhun da ake tsoron ya zube.
Malam Tanimu na Yelwa, mai tsire bakin tasha.

"Ƙwannafi ne," in ji shi, "yaji ya yi yawa.
Da kun ba ni kanwa, da tuni na yi barci."
Amma gumi ya jiƙe wuyan rigarsa,
hannun hagu ya yi nauyi
kamar an rataya masa cinyar bijimi.

Takardar bugun zuciya ta fito daga na'ura,
tudu da kwari, ba ta tona komai ba.
Likita Asta ta dube ni: "Uwani, ɗebo jini."

Na ɗaure dantse, na lalubi jijiya.
Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba:
"Yarinya, shekara talatin da bakwai ina zubar da shi,
na raguna, na shanun Adamawa,
har na raƙumi sau biyu.
Ban taɓa jin jini ya yi magana ba."

Na ba inji kwalbar,
ya juya ta, ya juya, kamar mai kaɗa nono.
Ja ya kwanta ƙasa,
ruwan ɗorawa ya taso sama.
A nan nake neman baƙo mai suna turofonin.
Gidansa tsokar zuciya, ba ya fita yawo,
sai in hanya ta toshe,
nama ya fara mutuwa da ƙishirwa,
bango ya tsage,
sannan yake zubowa kaɗan-kaɗan
kamar gero daga rumbun da gara ta ci.

Gwajin farko, shiru.

Ya miƙa hannu ga hularsa: "Kun gani?
Shanu biyu na jirana a mayanka."
Likita ta zauna bakin gado:
"Wasiƙar tana hanya, Baba,
mai rubutun bai daɗe da farawa ba.
Ba mu awa uku."
Ɗansa ya sunkuya a hankali
ya tura takalman uban ƙarƙashin benci.

Wuta ta ɗauke. Janareta ya yi tari, ya kama.
Na buɗe firji na ƙirga katin gwaji:
saura huɗu,
kuma motar Yawunde sai Laraba.
Yaron ya bar wayarsa jingina wurin mai karɓar kuɗi.

Huɗu da kwata na sake soka allura.
Na tsaya kan gilashi ina sauraron numfashina.
Lamba ta hau.
Ninki tara.
Na fita da gudu, ƙofa a buɗe.

Ƙwaya ƙarƙashin harshe, allura a fatar ciki,
robar iska a hanci,
ladan na gyaran murya a masallacin baya.
Ya kamo gefen farar rigata: "Me ya ce?"
"Ya ce zuciyarka nama ce, Baba,
irin wadda kake tsirewa,
yau ta ji wuƙa daga ciki."
Bai ƙara tambayar takalma ba.

Na da sun ce labarin zuciya a tambayi fuska.
Fuskarsa ta rantse mana lafiya lau.

Bayan sati uku ya zo da ƙafarsa,
ya rame, da kilishi cikin takardar siminti.
"Ci ke, ni an raba ni da gishiri."
Ya juya zai tafi, ya dawo:
"Yaron ke yanka yanzu, ni ina zaune.
In abin ya gangara kwata
nakan ce su yi shiru kaɗan,
ko zan ji."