Jirgin Shataletalen Yelwa

Ni aka ba biro da littafi,
ranar Laraba, a zauren sakatariya.
Fanka na juyi ba ta kawo iska,
mu goma sha ɗaya, da farantin goro a tsakiya.
Shugaba ya ce kuɗi sun fito,
shataletalen bakin tasha ya daɗe tsirara,
awaki kaɗai ke kai masa ziyara.
Me za mu kafa, wanda baƙo zai hango daga mota
ya san ya iso Yelwa, ba sai ya yi tambaya ba?

Alhaji Jabbi ya ce albasa,
ƙatuwa, ta siminti, a shafe ta da jan fenti.
Aka ce mutanen Aliero za su yi dariya,
su ce mun ari rigarsu mun tafi biki.
Wani ya ce giwan ruwa.
Aka ce ai wannan kifi ya daɗe da tarewa a Argungu.
Malam Nomau ya gyara zama, ya ce
shi dai kada a ƙera abin da ke da ido,
don ba shi da ran da zai hura masa gobe kiyama.
Na rubuta: ban da ido. Na ja layi.

Sai Inna Tumba mai bandar kifi,
wadda aka gayyato don a cike kujerar mata,
ta ce, ku kafa jirgi.
Ba sabo ba. Irin wanda ya kwaso mu daga gungu
shekarar da ruwa ya hau bai koma ba,
da turmi, da akuya, da kakata a ciki
tana waige har rumbunmu ya nutse.
Zaure ya yi tsit.
Ban san yadda ake rubuta shiru ba,
sai na tsallake layi biyu.

Mutum uku suka nemi aikin.
Na Kaduna sun zo da hoto mai sheƙi
da farashin da ya sa ma'aji tari.
Arzika mai walda, na bayan kasuwa,
ya zo da zanen gawayi a takardar siminti,
ya ce kada a sayo masa ƙarfe,
kowane gida ya kawo abin da ya mutu a hannunsa.

Aka kawo:
bakin garma, mashin kifi, ƙafar keken ɗinki,
farfelar injin da dutse ya karya,
murfin tukunyar da babu mai tuna tukunyar.
Wata huɗu walƙiya na tashi a rumfarsa da dare.
Sau uku na kai takardar cikon kuɗinsa ofis,
sau uku aka ce in dawo Litinin.

Kwamiti ya ce goshin jirgi ya dubi hanyar Birnin Kebbi,
ta nan manya ke shigowa.
Da asuba Arzika ya girke shi yana duban kogi,
ya zuba siminti, ya tafi masallaci.

Ranar da aka yaye ƙyalle,
jirgi ne, da filafili guda a jingine, babu kowa a ciki.
Wani yaro ya ce, ina matuƙin?
Malam Nomau bai ji shi ba,
ya tsaya yana shafa wani ƙarfe a gefen hagu,
ya gane garmar mahaifinsa.
Inna Tumba ta zagaya sau biyu, ta taɓe baki,
ta ce jirgin da bai san ruwa ba kwano ne.

Damina ta faɗi, ya cika taf.
Babu wanda ya tuna a huda masa ƙasa,
laifin yana cikin littafina, shafi na tara.
Jiya na wuce, na ga yara uku a ciki
suna kwarfe ruwa da fasasshiyar ƙwarya,
ita kuma tana tsaye a gefen kwalta, da tiren kifi a ka,
tana nuna musu yadda ake riƙe ta.