Taswirar Shekara Hamsin

Daren jiya ƙanƙara ta sauka a Oulu,
ta farko a bana.
Tuulikki Räsänen ba ta jira wayewar gari ba,
don a watan nan gari sai ya ga dama yake wayewa.
Ta hau bene na bakwai da fensir da kofin gahawa,
ta leƙo harabar kwaleji daga sama.

Fari fat, kamar allon da aka wanke.
Can sai ɗalibai suka soma rubutu da ƙafa:
wani ya yanke daga tashar bas zuwa ɗakin gwaji,
biyu sun ratse ta bayan ɗakin cin abinci,
keke ya ja siririn zare, ya ɓace cikin itatuwa.
Hanyar da ta zana bara,
mai kwana huɗu da fitilu, wadda ta lashe kuɗi,
ko kare bai taka ta ba.

Ta yi dariya ita kaɗai.
Ta lalubo abin goge fensir.

A kan teburinta taswirar shekara hamsin ke shimfiɗe,
ita kuwa sittin da uku take ciki.
Ga ɗakin karatu da za a ɗaga idan ta yi ritaya,
ga inuwar itacen da ko irinsa ba a binne ba,
ga wani fili a bakin tafki
da ta bari ba komai.

Jalmari ma'aji ya dame ta a kan filin nan:
a zuba kwalta, motoci su samu wurin kwana.
Ta ce, ilimin da za a koyar a wurin
ba a raɗa masa suna ba tukuna,
malaminsa ma yana goye.

Ba ta gaya masa zancen Onni ba,
tsohon da ta gāda,
wanda ya binne bututu har ƙarshen jeji
inda babu gini, babu mutum,
aka yi ta yi masa shaƙiyanci har ya mutu.
Bara waccan ta tona, ta same shi lafiya lau,
ta jona masa ɗakunan kwana ɗari uku.
Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wajen goma da rabi rana ta leƙo kamar mai jin kunya.
Ƙanƙara ta dawo, tana share sawu ɗaya bayan ɗaya.
Tuulikki ta riga ta kwafe.
Gahawa ta huce, ta shanye a haka.